Tambayoyi da Amsoshi Kan Yadda Ake Kallon Musulmi Bayan Hare-Haren Ta'addanci

Duk lokacin da aka kai wani mummunan hari da sunan Musulunci a ƙasar da Musulmi suke 'yan tsiraru, tambayoyi iri ɗaya ne suke dawowa a bakin jama'a, Musulmi da waɗanda ba Musulmi ba. An tattaro wasu daga cikinsu a nan, an kuma amsa su bisa abin da alƙaluma da tarihin shekarun baya-bayan nan suka nuna.

Shin da gaske ne cin zarafin Musulmi yana ƙaruwa bayan hari, ko kuwa ƙorafi ne kawai?

Gaskiya ne, kuma hukumomin tsaro da kansu ne suka rubuta shi. A Amurka, hukumar FBI ta lissafa laifukan ƙiyayya 28 da aka yi wa Musulmi a shekarar 2000, amma a 2001, shekarar da aka kai harin 11 ga Satumba wanda ya hallaka mutum kusan 3,000, adadin ya tashi zuwa 481. Daga baya ya sauka, sai dai bai koma inda yake a da ba, domin daga 2002 zuwa 2014 yana yawo ne tsakanin 100 da 160 a kowace shekara. Ya sake haurawa zuwa 257 a 2015, sannan 307 a 2016. Waɗannan alƙaluma ma ba su kama komai ba, saboda da yawa daga waɗanda aka zaga a hanya ko aka fizge wa mayafi ba sa zuwa wurin 'yan sanda.

Haka abin yake a Turai. Bayan kisan mai shirya fina-finai Theo van Gogh a Amsterdam ranar 2 ga Nuwamba 2004, an kai hare-hare kan masallatai da makarantun Islamiyya a ƙasar Holland, har aka ƙone wata makaranta ƙurmus a garin Uden. Bayan kisan sojan Birtaniya Lee Rigby a Landan a watan Mayun 2013, an cinna wa masallatai wuta.

Mai ramuwar gayya kuma ba ya tsayawa tambayar aƙidar mutum, kamanni yake dubawa. Balbir Singh Sodhi, wanda aka harbe a gidan mansa da ke Mesa a jihar Arizona ranar 15 ga Satumba 2001, mabiyin addinin Sikh ne, rawaninsa da gemunsa ne suka ja masa.

Ke nan yawancin mutane ne suke juya wa Musulmi baya?

A nan ne mutane da dama suke yin kuskure. Ƙaruwar hare-hare kan Musulmi ba ta nufin akasarin jama'a sun sauya ra'ayi. Cibiyar bincike ta Pew ta tambayi Amurkawa a watan Maris na 2001 ko suna yi wa Musulmin ƙasarsu kallon alheri, kashi 45 cikin 100 suka ce eh. Da aka sake tambayar a watan Nuwamban shekarar, wata biyu bayan harin, adadin ya kai kashi 59. A Faransa ma, masu kyakkyawan ra'ayi game da Musulmi sun tashi daga kashi 72 a 2014 zuwa kashi 76 a 2015, bayan harin da aka kai ofishin mujallar Charlie Hebdo a watan Janairu.

Ta yaya abu biyu masu karo da juna za su zama gaskiya a lokaci guda? Amsar ita ce, hari yakan fito da abin da yake ɓoye a zukata ne. Wanda da ma yana da ƙiyayya yakan ji kamar an ba shi izini, sai ya aikata abin da a da yake jin kunyar aikatawa, kuma mutum ɗaya ya isa ya ƙone masallaci. Shi kuma maƙwabcin da bai taɓa damuwa da addinin wanda ke gefensa ba yakan ga cewa lokaci ya yi da zai nuna inda ya tsaya. Shi ya sa a Ostireliya, yayin garkuwa da mutane a wani gidan shayi a Sydney a watan Disambar 2014, dubban mutane suka yi ta rubutawa a Twitter cewa a shirye suke su raka duk Musulmin da ke tsoron shiga jirgin ƙasa ko bas shi kaɗai.

Wannan ba ya rage zafin abin ga wadda aka tofa wa yawu a tashar mota. Amma yana da muhimmanci a san cewa 'yan tsiraru ne suke ƙara ƙaimi, domin maganin wannan daban yake da maganin al'ummar da ta lalace gaba ɗayanta.

Idan ba harin ne kaɗai ke sauya ra'ayi ba, mene ne yake sauya shi?

Abin da ake faɗa bayan harin, da wanda yake faɗarsa, da tsawon lokacin da aka ɗauka ana maimaitawa. Kwana shida bayan 11 ga Satumba, Shugaba George W. Bush ya je Cibiyar Musulunci ta Washington ya ce Musulunci zaman lafiya ne, ya kuma gargaɗi masu tsorata mata masu lulluɓi. A watan Maris na 2002, kashi 25 cikin 100 ne kawai na Amurkawa suka ce Musulunci ya fi sauran addinai ingiza mabiyansa ga tashin hankali. Zuwa watan Yulin 2003, bayan mamayar Iraƙi, adadin ya kai kashi 44, kuma a watan Satumban 2014, lokacin da ƙungiyar IS mai iƙirarin kafa Daular Musulunci a Iraƙi da Siriya take cin karenta babu babbaka, ya kai kashi 50. Wato ra'ayin ya fi yin muni ne shekaru bayan harin, a lokacin da yaƙe-yaƙe da muhawarar siyasa suka riƙa haɗa kalmar Musulmi da kalmar abokin gaba kullum safiya.

A kwatanta da abin da ya biyo bayan harin San Bernardino a jihar California na 2 ga Disamba 2015, inda aka kashe mutum 14. Kwana biyar bayan nan, Donald Trump, yana ɗan takara, ya yi kira da a hana Musulmi shiga Amurka kwata-kwata. Harin bai kai ko kusa da na 2001 girma ba, amma shekarar da ta biyo baya ce FBI ta lissafa laifuka 307 ɗin da aka ambata a sama.

Halin tattalin arziki ma yana da tasiri. Masanin zamantakewa Joscha Legewie ya lura cewa harin Bali na watan Oktoban 2002 ya faru ne ana tsakiyar wata ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a a ƙasashen Turai, sai ya kwatanta amsoshin waɗanda aka tambaya kafin harin da na waɗanda aka tambaya bayansa. Ya gano cewa ra'ayi game da baƙi bai yi muni a ko'ina daidai wa daida ba, ya fi taɓarɓarewa ne a yankunan da rashin aikin yi yake ƙaruwa.

Wace rawa kafofin watsa labarai suke takawa?

Babba ce. Wani bincike da Erin Kearns da abokan aikinta suka yi kan hare-haren da aka kai a Amurka tsakanin 2006 da 2015 ya nuna cewa idan maharin Musulmi ne, jaridu sukan ba labarin fili da ya zarce na sauran da kashi 357 cikin 100, ko da an yi la'akari da yawan waɗanda suka mutu. Mai karanta jarida ba zai san da wannan rinjaye ba, abin da zai gani shi ne ta'addanci yana da fuska ɗaya.

Akwai kuma gaggawar yanke hukunci. Da bam ya tashi a birnin Oklahoma ranar 19 ga Afrilu 1995 ya kashe mutum 168, masu sharhi sun yi ta nuna yatsa ga Gabas ta Tsakiya kafin a gano cewa Timothy McVeigh ne, tsohon sojan Amurka. An maimaita haka a Norway ranar 22 ga Yuli 2011, kafin a san cewa wanda ya kashe mutum 77 ɗin, Anders Breivik, maƙiyin Musulmi ne. Shafukan sada zumunta sun ƙara wa matsalar sauri: bayan kashe yara mata uku a Southport ta Ingila ranar 29 ga Yuli 2024, an yaɗa ƙaryar cewa maharin Musulmi ne mai neman mafaka, washegari gungun mutane suka far wa masallacin garin da duwatsu, tarzoma kuma ta bazu zuwa wasu birane. Maharin haifaffen Cardiff ne, ba mai neman mafaka ba.

Laifi ne mutum ya ji tsoro bayan hari?

A'a. Wanda ya ga an kashe mutum 52 a jiragen ƙarƙashin ƙasa da bas na Landan a 2005, ko mutum 130 a Paris cikin dare ɗaya a Nuwamban 2015, yana da dalilin jin tsoro, kuma gaya masa cewa tsoronsa wariya ce ba zai kwantar masa da hankali ba, sai dai ya tura shi hannun masu neman ƙuri'a da ƙiyayya. Haka kuma ba za a musa cewa maharan sun kafa hujja da addini ba. Laifin yana farawa ne daga lokacin da aka yi wa mutane miliyoyi kuɗin goro, aka ɗora wa mai sayar da magani a unguwa alhakin abin da wanda bai taɓa gani ba ya aikata.

Me ya sa Musulmi ba sa fitowa su yi Allah wadai da ta'addanci?

Suna fitowa, kuma sun daɗe suna fitowa. Akwai Saƙon Amman na 2004, wanda ya tsaya kan haramcin kafirta Musulmi da sharuɗan bayar da fatawa. A 2010 malamin Pakistan Muhammad Tahir-ul-Qadri ya fitar da doguwar fatawa kan haramcin ƙunar baƙin wake. A watan Satumban 2014 malamai fiye da 120 daga ƙasashe daban-daban suka rubuta wa shugaban IS, Abubakar al-Baghdadi, buɗaɗɗiyar wasiƙa suna warware hujjojinsa ɗaya bayan ɗaya. Bayan yanka limamin coci Jacques Hamel a arewacin Faransa a watan Yulin 2016, Musulmi sun halarci coci-coci a Faransa da Italiya ranar Lahadin da ta biyo baya domin yin ta'aziyya. Matsalar ita ce, bam labari ne na shafin farko, fatawa kuwa da wuya ta samu gurbi.

Amma ita tambayar kanta tana da abin dubawa. Babu wanda ya nemi kowane Bature ya wanke kansa bayan abin da Breivik ya yi, kuma daidai ne da ba a nema ba. Idan aka ce dole sai Musulmi ya yi Allah wadai kafin a yarda da shi, an riga an sanya shi a sahun waɗanda ake tuhuma. A ra'ayin mai wannan rubutu, ya kamata malamai da shugabanni su ci gaba da yin magana, domin matasan da masu tsattsauran ra'ayi suke farauta suna buƙatar jin ta, amma hakan bai zama harajin da kowane Musulmi zai biya kafin a bar shi ya zauna lafiya a ƙasarsa ba. Ƙa'idar cewa wani rai ba ya ɗaukar laifin wani tana cikin Alƙur'ani, tana kuma cikin dokokin hukunta laifuka na ƙasashen da ake magana a kansu.

Su waye ƙungiyoyin nan suka fi kashewa?

Musulmi. Cibiyar yaƙi da ta'addanci ta gwamnatin Amurka ta bayyana a rahotonta na 2011 cewa, a hare-haren da aka iya tantance addinin mamatan, Musulmi ne kashi 82 zuwa 97 cikin 100 na waɗanda aka kashe a shekaru biyar da suka gabace shi. An kashe ɗalibai fiye da 130 a wata makaranta a Peshawar a Disambar 2014, masallata fiye da 100 a Babban Masallacin Juma'a na Kano a Nuwamban shekarar, fiye da 300 a masallacin Rawda da ke Sina'i a 2017, fiye da 500 kuma a Mogadishu a Oktoban 2017. Ko a Turai, ɗan sandan da aka harbe a titi ranar harin Charlie Hebdo, Ahmed Merabet, Musulmi ne, haka kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na mutum 86 da aka take da babbar mota a Nice a 2016.

Shin martanin ƙiyayya yana amfanar 'yan ta'adda?

Su da kansu sun faɗa. A farkon 2015 mujallar IS mai suna Dabiq ta buga wata maƙala tana cewa burinta shi ne shafe matsakaicin fili da Musulmi suke zaune lafiya da waɗanda ba Musulmi ba, ta yadda Musulmin Yamma zai rasa zaɓi sai ɗayan biyu: ya bar addininsa ko ya koma wurinsu. Duk masallacin da aka ƙone, duk matashin da aka hana aiki saboda sunansa, hujja ce da suke nunawa su ce, ba mun gaya muku ba?

Masu tsattsauran ra'ayi na ɗaya ɓangaren ma lissafinsu ke nan. Wanda ya kashe masallata 6 a Quebec a Janairun 2017, da wanda ya kashe 51 a masallatai biyu na Christchurch ranar 15 ga Maris 2019, sun ɗauki kowane Musulmi a matsayin abokin gaba, kamar yadda IS ta ɗauki kowane mai wucewa a titin Paris. Firaministar New Zealand ta wancan lokaci, Jacinda Ardern, ta ƙi ambaton sunan maharin na Christchurch, ta sanya mayafi ta je ta'aziyya, kuma a Juma'ar da ta biyo baya an watsa kiran salla a rediyo da talabijin na New Zealand. A 2022 Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya ware 15 ga Maris a matsayin ranar yaƙi da ƙyamar Musulunci.

Amma ai gwamnati tana da haƙƙin ɗaukar matakan tsaro?

Tana da shi, wajibinta ne ma. Tambayar ita ce ko matakin yana bin mai laifi ne ko yana bin addini, kuma tarihi ya nuna cewa na biyun ba ya kama kowa. A ƙarƙashin shirin rajistar baƙi da Amurka ta fara a 2002, wanda ya shafi ƙasashe 25, kusan dukkansu masu rinjayen Musulmi, an yi wa maza fiye da 80,000 rajista, aka shigar da kimanin 13,000 cikin shirin kora, amma ba a samu ko mutum ɗaya da laifin ta'addanci ta wannan hanya ba. 'Yan sandan New York sun shafe shekaru suna leƙen asirin masallatai da wuraren taruwar Musulmi, har wani babban jami'insu ya amsa a 2012 cewa sashen da ke wannan aiki bai taɓa samar da bayanin da ya kai ga buɗe binciken ta'addanci ba, aka rushe shi a 2014. Dokar hana shiga Amurka da Trump ya sanya wa hannu a Janairun 2017 ta shafi ƙasashe bakwai, alhali babu ko ɗaya cikin maharan 11 ga Satumba su 19 da ya fito daga cikinsu.

A Faransa, dokar ta-ɓacin da aka kafa a Nuwamban 2015 ta kai har Nuwamban 2017, kuma cikin watanni uku na farko an bincike gidaje da wurare fiye da 3,000 ba tare da umarnin alƙali ba. Bayan harin Nice, wasu garuruwan bakin teku sun hana mata sanya kayan ninkaya masu rufe jiki, sai da babbar kotun gudanarwa ta dakatar da irin wannan doka a watan Agustan 2016. A Siri Lanka, bayan harin Ista na 2019 da ya kashe fiye da 250, an hana rufe fuska, gungun mutane kuma suka lalata masallatai da shagunan Musulmi. A Kenya, samamen 2014 ya tattara dubban 'yan asalin Somaliya daga unguwar Eastleigh, aka tsare da yawansu a filin wasa na Kasarani.

Hasarar da ba a cika lissafawa ba ita ce ta amana. Uwar da ta ga ɗanta yana sauya hali ita ce ta fi kowa iya sanar da hukuma da wuri, kuma ba za ta yi ba idan ta san cewa unguwarta duka ake zargi. A dokar ƙasa da ƙasa ma, Yarjejeniyar 'Yancin Jama'a da Siyasa ta 1966 ta sanya 'yancin addini, wato sashe na 18, cikin haƙƙoƙin da ba a jingine su ko a lokacin dokar ta-ɓaci, ko da yake ta yarda a taƙaita yadda ake bayyana addini idan doka ta tanada kuma akwai larura ta gaske.

Shin sanin Musulmi ido da ido yana rage ƙyama?

Yawancin bincike ya nuna haka, kuma ana yawan samun ƙyamar ne a inda Musulmi ba su da yawa. Jahilcin adadi ma yana taimaka mata: a wata ƙuri'ar kamfanin Ipsos ta 2016, Faransawa sun ƙiyasta cewa Musulmi kashi 31 cikin 100 ne na ƙasarsu alhali ba su kai kashi 8 ba, Amurkawa kuma suka ce kashi 17 alhali kusan kashi 1 ne. Wani bincike da aka buga a 2021 ya gano cewa bayan zuwan Mohamed Salah ƙungiyar Liverpool a 2017, laifukan ƙiyayya sun ragu da kashi 16 cikin 100 a yankin Merseyside, rubuce-rubucen ɓatanci ga Musulmi daga magoya bayan ƙungiyar a Twitter kuma sun ragu da kusan rabi. Sai dai bai kamata a ce sai Musulmi ya ci ƙwallaye ko ya ceci rayuka kafin a ga mutuncinsa ba. Lassana Bathily, ɗan Mali da ya ɓoye Yahudawa a ɗakin sanyi na kantin da aka kai wa hari a Paris a 2015, ya cancanci takardar zama ɗan ƙasa da aka ba shi, amma dubban 'yan uwansa da ba su yi jarumtar komai ba su ma suna da haƙƙin a bar su su yi rayuwarsu.

Wannan ma'auni Musulmi ma ya hau kansu?

Ƙwarai kuwa. Wanda ya ƙi a ɗora masa laifin IS ba shi da hujjar ɗora wa Kiristan garinsu laifin zanen ɓatancin da aka yi a wata nahiya, kamar yadda aka ƙone coci-coci a Yamai da Damagaram a Janairun 2015. Sanarwar Marrakesh ta 2016 ta tunatar da ƙasashen Musulmi haƙƙin tsirarun addinai, tana kafa hujja da Yarjejeniyar Madina, sannan a Fabrairun 2019 Shehun Azhar Ahmad al-Tayyib da Fafaroma Francis suka sanya hannu kan takardar 'yan uwantakar ɗan Adam a Abu Dhabi. Akwai kuma waɗanda suka nuna haka a aikace. A Disambar 2015 fasinjoji Musulmi a wata bas kusa da Mandera ta Kenya sun ƙi yarda su ware kansu daga Kiristoci lokacin da 'yan al-Shabab suka tare su, malamin makaranta Salah Farah ya rasu daga raunin da ya samu. A Yunin 2017, da wani mutum ya afka wa masallata da mota a unguwar Finsbury Park ta Landan, liman Mohammed Mahmoud ne ya hana jama'a dukansa har 'yan sanda suka iso.

Wanda aka ci wa zarafi bayan hari, me ya kamata ya yi?

Ya fara kuɓutar da kansa, kada ya tsaya musayar yawu da wanda ya zo da niyyar faɗa. Bayan nan ya rubuta lokaci da wuri da kalaman da aka faɗa tun bai manta ba, ya adana hoton saƙon idan ta intanet ne, ya nemi lambar duk wanda ya shaida abin, sannan ya kai rahoto ga 'yan sanda yana bayyana musu ƙarara cewa saboda addininsa aka yi masa, domin a ƙasashe irin su Birtaniya da Amurka wannan yana iya ƙara nauyin hukunci. Akwai ƙungiyoyin da ke taimakawa wajen bin kadi, kamar CAIR a Amurka. Ko da ba a kama kowa ba, rahoton yana shiga lissafi, kuma da wannan lissafin ne hukumomi suke yanke shawarar inda za a ƙara jami'ai da masallatan da za a ba kuɗin inganta tsaro.